Waƙar da Manoman Auyo Suka Ji

Ni da bakina na hana shugaban ƙungiyar manoman shinkafa kiran mai gyara daga Kano. Na ce, "Ranka ya daɗe, sauti ne kawai, bar min shi."

Tun da aka sa wa kwamfutar ofishin ƙungiyar sabon katin hoto, wato na'urar da ke fitar da hoto a allo, ta daina magana. Na jijjiga wayar HDMI mai kai hoto da sauti, na kashe na kunna, shiru. Don gwaji sai na saka abin da ke filashina, wato waƙar da na rera wa matata Hajara lokacin da ta yi yaji. Shiru dai. Na ƙure sauti, na yi ta maimaitawa.

Ashe talabijin ɗin zaure katin yake tura wa sautin, inda manoman Auyo ke jiran taro. Surukina yana sahun gaba.

Shugaba ya leƙo yana share hawayen dariya. "Injiniya, mun ji. Ta dawo kuwa?"

Surukina bai yi dariya ba. Har yau da ka yake amsa gaisuwata.

Yanzu ko kifi na je saya bakin kogi, sai wani ya rero min daga cikin kwalekwale: "Hajara ki dawo, tuwona ya ƙone!"