Haihuwar Tanimu Lauya

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Tanimu Lauya. Masinja ne a sakatariya, ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa takawa ba, amma in ya buɗe baki a majalisa sai ka rantse shi ya rubuta dokar ƙasa. Cewa yake duk faɗin garin nan ba a haifi wanda zai cuce shi ko sisi ba.

Yana da katin inshorar lafiya na wurin aiki, yana ji da shi kamar ƙwai, don da shi za a yi masa aikin ƙaba mako mai zuwa. Sai dai kwaɗayi bai bar shi ba. A ɓoye hayar katin yake bayarwa, dubu biyu duk zuwa asibiti, ba ya ko tambayar ciwon me.

Ran nan kwatsam sai ga mai karɓar bashin asibiti a kan babur, ya dire masa takarda: dubu tamanin, inshora ta ƙi biya. Tanimu ya duba, ya ga kuɗin awo, kuɗin haihuwa, har da na ɗinki. Ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa.

"Yau na kama ɓarayi hannu dumu-dumu. Ni da gemuna na haihu?"

Nan take ya kwashi 'yan majalisa su zo su ga yadda ake ƙure asibiti. Barau mai faci yana ta jan hannun rigarsa, wai su ɗan keɓe akwai magana, Tanimu ya fizge, ya ce ba ya son matsorata.

Suna shiga ya daki teburin akanta, tim! Ya ce sai ya rufe asibitin, sai ya maka inshora a kotu, sai likita ya sayar da motarsa ya biya shi diyyar ɓata suna. Akantar, Hajiya Rakiya, ko gezau. Ta bari sai da ya gaji, sannan ta jawo fayil, ta sa aka kira likita.

"Malam Tanimu, abin mai sauƙi ne," in ji ta. "Da katinka aka karɓi haihuwar nan ran bakwai ga wata. In ba kai ba ne, to wani ka ba wa. Yanzu zan sanar da inshora su soke katin, aikin ƙabarka kuma ka biya dubu ɗari uku daga aljihunka."

Gumi ya karyo wa Lauya sharkaf. Ya tuna ƙabar nan da ke hana shi barci, ya tuna albashinsa. Ya waiga, ya ga Barau yana ƙirga silin, sai a sannan ya tuna shi ne ya karɓi hayar katin a farkon wata, lokacin matarsa na da tsohon ciki.

Tanimu ya sassauta murya. "Hajiya... ran bakwai kika ce? Ina jin kamar na ɗan leƙo nan ranar."

Likita ya gyara tabarau. "Madalla. Me muka samu, mace ko namiji?"

Tanimu ya saci kallon Barau. Barau ya matso, wai shi raɗa yake yi, amma har masu jiran layi sun ji: "Ce masa namiji. Ai kai ka cinye cinyar ragon sunan."

An soke katin, an bar shi da ƙabarsa da takardar dubu tamanin. Washegari da sassafe ya buɗe ƙofa, ya tarar da 'yan majalisa tsaye da tukunyar kunun kanwa tana tururi.

"Sannu maijego, ya ƙarfin jiki?"