Ranar da Na Yi wa Kwamfutar Yaya Hadiza Juyen Mai

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ba, ranar da iyayina ya kusa hana yara talatin da ɗaya zama jarrabawa.

Shekara tara na yi ina kabu-kabu a Dogon Dutsi kafin in buɗe ɗan shagon tura wa'azi da karatu a waya. Bokona bai yi nisa ba, don haka ilimin babur na ɗauko na ɗora wa kwamfuta. A ganina duk inji yana son juyen mai, abin da muke ce wa bidanj. Da na gano manhajojin nan masu cewa suna share kwamfuta, su gyara rajistarta, su ƙara mata gudu, sai na ce na samu bakanike. Ka latsa, ta jero maka matsaloli da jan rubutu. Ka sake latsawa, duk su koma kore. (Tsakani da Allah koren nan nake so. Ban taɓa duba agogo in ga ko gudun ya ƙaru ba.) Guda biyar na sa a tawa, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai na yi mata bidanj.

Wanda ya fi shan bakina a kan haka shi ne Baba Namata, wani tsohon sakatare mai buga wa mutane takardu kusa da tasha. In na wuce sai in ce, "Baba, tsohuwar kwamfutar nan taka ba ta taɓa ganin wanka ba." Shi kuwa sai ya ce, "Tana yi mini aikina, ɗana," ya ci gaba da bugu.

Yaya Hadiza yayar matata ce, ita ke shugabantar wata firamare a wani ƙauye da ke hanyar Kore Mairuwa. Mace ce da nake jin nauyinta, ko zama ba na yi sai ta zauna. Ta kwana gidanmu don ta buga sunayen ɗalibanta masu jarrabawar fita, ta miƙa a ofishin masu duba makarantu kafin sha biyu, ranar ce ta ƙarshe. Makonni ta yi tana bin iyaye gida-gida tana daidaita sunaye da ranakun haihuwa, kuma aikin nan kaf a kwamfutarta kawai yake.

Muna shan kunu ta ce kwamfutar ta cika nauyi. Ba ta ce in gyara ba, wannan dole in faɗa. Tana fita barkar haihuwa a maƙwabta na jawo kwamfutar, na sa mata wadda na fi yarda da ita cikin manhajojina. Jan rubutu ya cika allo, na yi murmushi. Na share, na ce ta tattara rajista, na kashe na kunna.

Da kwamfutar ta tashi, duk alamomin takardun Yaya a allo sun koma farare fat. Na latsa takardar sunayen, ta ƙi buɗewa. Na sake, na sake. Ko motsi.

Tana dawowa ta duba ta ce, "Baban Nana, mi ya same ta?"

A nan na yi abin da ya fi gyaran muni. Na ce, "Yaya, wannan birus ne, cutar kwamfuta. Ko wani ya sa mata kilensa, ɗan filashin kwafar aiki, kwanan nan?"

Ta dafe kai ta ce, "Malam Isa. Shekaranjiya ya kwafi darasi." Ta ɗauko waya za ta kira malamin nan nata da bai san hawa ba bai san sauka ba. Allah ya sa layi bai shiga ba. Na ce ta hau babur mu je wurin mai gyara, kuma duk garin babu wanda ya zo mini a rai sai Baba Namata.

Mun iske mutane a benci suna jiran takardunsu, har da abokan kabu-kabuna biyu. Baba ya sa tabarau, ya ɗan dudduba, ya ce, "Madam, yaushe kika sa mata mai shara?"

"Wane mai shara, Baba?"

"Wanga. Yau da sahe aka sa shi, takwas da minti goma."

"Takwas ina gidan barka," in ji ta. Sai ta waiwayo a hankali.

Na duba ƙasa, na duba babur ɗina, babu mafita. Da wata ƴar murya da ban san ina da ita ba na ce, "Bidanj na yi mata."

Ɗaya daga cikin abokaina ya ce, "To ka duba mata birki?" Benci ya kwashe da dariya. Yaya ba ta yi ba.

Baba ma bai yi ba. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata, sunayenki na nan. Rajista ita ke tuna wa kwamfuta wane makulli ke buɗe wace ƙofa. Mai sharar ya ga makullin da bai gane ba, ya zubar." Ya maida ta yadda take kwana biyu da suka wuce (ashe tana ajiye wa kanta irin wannan madogara, ni mai shago ban sani ba). Kafin rabin awa sunaye talatin da ɗaya suka fito daga injin bugawa. Ya kuma nuna mata cewa nauyin daga tarkacen da ke tashi tare da ita ne in an kunna, ya kashe su da hannunsa. Ya ce, "Rajista ba ta neman wanka. A bar ta."

Na kai Yaya ofis da sauran lokaci. Da ta fito ta ce, "Gyaran bai dame ni ba, Baban Nana, alheri ka nufa. Amma da layi ya shiga, da wane ido zan dubi Malam Isa?" Na roƙi gafara. Ta ce ta yafe, ko matata ba ta faɗa wa ba. (Ni na faɗa mata, don abokaina sun riga sun shelanta a tasha.)

Washegari na kai wa Baba goro. Bai tuna mini maganar wanka ba ko sau ɗaya, cewa kawai ya yi in kawo tawa. Ya cire bakanikena biyar ɗin nan, sai ga ta tana tashi kafin in gama gyara kujera. Ashe su ne kayan da take ɗauke da su.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da dattijon da bai rama ba da yayar da ba ta tona ba. Yanzu in kwamfuta ta yi nauyi, aikin ciki nake fara kwafewa, in nemi izinin mai ita, in tambayi wanda ya sani. Bidanj kuwa na bar wa babur, shi kaɗai na taɓa yi wa ya gode.