Ranar da Malam Bai-yi-ba Ya Duba Sabon Dankali

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar ido a layinmu, to a fara da Malam Bai-yi-ba, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Bawan Allahn nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba ingancin kaya a wani babban sito, inda manyan motoci ke sauke buhuna da kwalaye. Aikinsa guda ne. Ya zagaya kaya hannuwa a baya, ya sauko da tabarau kan hanci, ya ja layi da alli, ya ce, "Bai yi ba." Direbobi sun yi magiya, 'yan dako sun yi gumin banza, dillalai sun rantse da duk abin da suka sani, shi ko gezau. A ganinsa, duk sufeton da ya ce kaya sun yi tun kallon farko, barci yake a bakin aiki.

Da ya yi ritaya sito ya huta, mu kuma muka shiga uku. Fentin ƙofar maƙwabci bai yi ba. Askin da aka yi wa jikansa bai yi ba. Har ruwan sama ya taɓa tsayawa ya kalla ta taga, ya girgiza kai, ya koma ya zauna. Farar rigarsa ta aiki tana nan rataye a bayan ƙofar ɗaki, a wanke a goge, ko da za a neme shi da gaggawa. Har yau dai ba a neme shi ba, amma wannan sakacin masu sito ne.

Matarsa mace ce mai haƙuri, irin haƙurin da ake samu bayan an shekara da shekaru ana jin magana ɗaya. A bayan gida, tsakanin igiyar shanya da katanga, ta jera tsofaffin buhuna da fasassun bokitai, ta cika su da ƙasa, ta shuka dankalin turawa. Kullum tana ba shi ruwa, tana cire ciyawa, tana korar kaji. Ana cikin haka mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ta kwanta asibiti. Ta daɗe a can, ta rame, bakinta ya ƙi abinci. A kawo nama ta kau da kai, a kawo shayi ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. Abu ɗaya tak ta ce tana marmari, sabon dankali wanda aka tono a ranar, a dafa shi da ɗan gishiri, a sa masa man shanu da ganyen albasa. Likita kuma ya faɗa musu gaskiya, ya ce za a sallame ta, amma in ba ta fara cin abinci ba, gadon nan yana jiranta.

Ranar sallamar, da sassafe matar ta zazzage buhunanta kaf. Abin da ya fito bai wuce cikin roba guda ba, ƙanana ƙanana, farare tas, fatarsu tana ɗayewa ko da yatsa aka taɓa. Shi ke nan abin da ta noma, babu wani a ƙasa. Ta kalle su, daɗi ya kama ta har ta kusa hawaye. Tunda ita za ta je ɗauko Inna, kuma maganin Inna sai an ci abinci ake sha, sai ta yafa mayafi ta ce bari ta roƙi matar tela, maƙwabciyarsu, ta dafa mata kafin su dawo.

Nan fa Malam ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Maman yara," in ji shi, "ina cikin gidan nan da raina da lafiyata za ki kai dankali maƙwabta? Ni da dankali ya wuce ta gabana mota mota? Akwai dankalin da ya isa ya shiga garin nan ban sa masa ido ba?"

Ta so ta ce wucewa ta gaban mutum daban, dafawa daban. Sai ta haɗiye. Ta dai ce masa abin ba wuya, ya wanke, ya murje da yatsa, kada ya sa wuƙa, ya zuba a ruwa da gishiri, da cokali ya shige ya sauke. Yana jin ta yana murmushi, irin murmushin da babban direba ke yi wa mai koya masa inda birki yake. Ta fita tana waiwayen robar.

Ƙofa na rufuwa, farar riga ta sauko daga ƙusa. Ashe ranar da ake jira ce ta zo.

Ƙwararre ba ya fara aiki sai ya san abin da ke cikin sito, saboda haka ya fara da binciken kicin. A ƙarƙashin tebur, bayan galan ɗin mai, ya ci karo da wani kwando mai ɗauke da ragowar dankalin kasuwa da aka manta da shi tun tuni. Manya ne, baƙaƙe, fata kamar tafin ƙafa, wasu har sun fara fitar da tsiro. Ya haɗa su da na robar, domin a ƙa'ida kaya iri ɗaya layi ɗaya suke bi. Ya fito da tabarma tsakar gida, ya jera su sahu sahu, ya maida hannuwa baya.

Matar tela tana shanya a ɗaya gefen katangar, wadda ba ta wuce ƙirji ba. Ta gaishe shi. Laifinta ke nan, don Malam bai taɓa samun mai sauraro ya bar shi ya tafi haka ba.

"Maƙwabciya, zo ki ga abin da ake kira aiki," in ji shi, ya ɗaga wani ɗan ƙaramin dankali sama. "Dubi wannan. Na taɓa shi kawai, fata ta biyo yatsana. Kayan da ba zai iya riƙe rigarsa ba, ina zai iya tafiyar kwana da kwanaki a bayan mota? Bai yi ba."

Ta ce ai Malam ba tafiya zai yi ba, daga nan zuwa tukunya ne. Ya ce ƙa'ida ba ta san kusa ko nesa ba.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi ƙanƙanta. Wannan akwai danshi a jikinsa, danshi kuwa shi ne kakan ruɓewa. Wannan ƙasa ta manne masa. Wancan bai san ko ƙwai zai zama ko gyaɗa ba. Duk wanda ya faɗi ya sha alli, ya koma roba. Da ya iso kan na kwando sai fuskarsa ta washe. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa, ya kai kunne, ya gyaɗa kai.

"Ga dankali mai tarbiyya," in ji shi. "Fata mai kauri, jiki a bushe, ya ga duniya. Irin wannan ko wata shida ya yi a sito ba ruwansa."

Gaskiya ya faɗa, don ya kusa yin hakan.

Saura doka ta ƙarshe, wadda Malam ya fi alfahari da ita. Kayan da aka ƙi ba sa zama wuri ɗaya da waɗanda aka karɓa, dole su bar harabar nan take. Ya ɗauki robar da ke ɗauke da wahalar matarsa ta wata da watanni, ya miƙa ta kan katanga, ya ce maƙwabciya ta zuba wa kaji, ko ta yi yadda ta ga dama. Matar tela ta kalli robar, ta kalle shi. Ta san mutumin. Ta karɓa da hannu biyu ta shige ciki.

Girkin kansa abin a tara jama'a ne. Ya feraye dankalin da kaurin da zai gamsar da shi cewa babu wata ɓoyayyar matsala a ƙasan fata. Sannan ya yanka shi murabba'i, yana gwada kowane yanki da ɗan'uwansa, yana datse wanda ya yi girman kai. Ya ɗora tukunya, amma murfi bai samu sukuni ba, don kayan da ba a gani ba a yarda da su. Duk buɗewa sai ya ɗanɗana ruwan, ya ce bai yi ba, ya ƙara gishiri. Cokali ya shige tun da daɗewa, Malam ya ce wannan shaidar cokali ce kawai. Sai da komai ya narke ya zama wani abu mai launin toka, ya zuba a faranti, ya daidaita gefe da bayan cokali, ya rufe.

Da suka iso daga asibiti, matarsa ta zaunar da Inna a kan kujera, ta sa mata matashi a baya. Malam ya gaishe da surukarsa a durƙushe, ya miƙe, ya buɗe farantin da kansa.

"Inna, a kwantar da hankali a ci," in ji shi. "Duk abin da ke cikin nan sai da ya wuce ta hannuna."

Inna ta ɗebi kaɗan a bakin cokali, ta kai baki. Ta daɗe tana kallon bango. Ta sa masa albarka, ta ajiye cokalin, ta ce ta ƙoshi.

Matar ta leƙa kicin ta ga baƙin ɓawo tuli a ƙasa da kwando wayam. Ta fita tsakar gida, ba roba, sai tabarma da guntun alli. Ba sai an faɗa mata ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa, don ga magani a jaka, ga tsohuwa ta rufe baki, ga buhuna babu ko ƙwaya. Ta tsaya jikin igiyar shanya tana share ido da bakin mayafi.

Sai ga sallamar matar tela, da kwano a rufe. Ta ce ta ji an dawo da Inna, ta zo sannu da jiki, ga ɗan abin taɓawa ba yawa. Ta kalli matar gidan sau ɗaya, ta ajiye kwanon.

Aka buɗe. Tururi ya tashi da ƙamshin man shanu da albasa. Ƙananan dankali ne dunƙule dunƙule, suna sheƙi. Inna ta miƙa hannu da kanta, ba ta nemi cokali ba. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu, ta ce a matso mata da kwanon. 'Yarta ta zauna a ƙasa tana kallon bakinta yana motsi, daɗi ya cika ta.

Malam dai ba zai ga kaya sun shigo harabarsa ba dubawa ba. Ya nemi izini, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a haske, ya tauna ido a rufe. Sai aka ji abin da direbobi suka shekara suna roƙo ba su samu ba.

"Ya yi," in ji shi. "Wannan lamba ɗaya ne. Maman yara, ki russuna ki tambayi maƙwabciya inda take samun irin wannan. Shi ya kamata ki shuka, ba waɗancan 'yan tsirarun da na sallama ɗazu ba."

Matarsa ta ce ba sai ta tambaya ba, waɗanda ya sallama ne suka zagayo ta ƙofa.

Malam ya kalli kwanon, ya kalli matar tela, wadda ta duƙufa tana gyaran bakin zanenta. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya fara bayanin cewa a ƙa'ida kaya na iya gyaruwa bayan an ƙi su, amma Inna ta ɗaga masa hannu, tana lashe man da ya rage a yatsunta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji ta. "Gobe ma in za ka yi mini girki, wanda ka ga bai yi ba shi nake so. Wanda ya yi ɗin, ka ci abinka."