Mahshi a Gidan Farfesa

A lokacin na yi imani cewa cikar ladabin baƙo shi ne ya cinye abin da aka zuba masa. Da wannan aƙida na halarci walimar da wani farfesa ya shirya a gidansa da ke Giza, domin mu likitocin da zai yi wa intabiyu washegari. Gurbin horon tiyata guda ne, kuma na riga na ɗauke shi nawa.

Na share farantina tas. Matar farfesa ta cika shi da mahshi, wato shinkafa naɗe cikin ganyen kabeji. Na share, ta ƙara. Abokina Sani ya raɗa mini, "Malam, bar ɗan saura. A nan in ka share, ƙari ka roƙa." Na dube shi da tausayi, na ci gaba.

Washegari farfesa ya tambaye ni alamomin toshewar hanji. Kafin in buɗe baki cikina ya amsa, da ƙarfi, a tsanake.

"Tamam," in ji farfesa, "amma daga bakinka muke son ji."

Sani ne ya samu gurbin. Yau shekarata hamsin, kuma har 'ya'yansa Baba Mahshi suke kirana.