Ranar da Cakulan Ya Wanke Mini Fuska a Gidan Surukai

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ƙaramar Sallar bara ba, ina tsaye a zauren Hajiya Balaraba, cakulan na bin goshina yana gangarowa hanci.

Hajiya Balaraba uwar matar ɗana ce, tsohuwar malamar makaranta a nan Kazaure. Ba ta da mugun hali, sai dai ko katin biki aka miƙo mini sai ta ce, "Kawo in karanta miki, Inna." A gaban mutane! Alhali shekarata biyu ina zuwa ajin manya, da furfurata, ina haɗa baƙi.

To jikata da ke karatu a Kano ta zo hutu da wata gyaɗar Turawa wai fikan (duk ta yamutse kamar fuskata), da cakulan, da takarda da ta rubuta yadda ake gasa su cikin ɓawon fulawa. Ta ce za ta yi mini. Na ce tashi ki tafi kitso, ni zan karanta, ni zan gasa, ni zan kai wa Hajiya abincin Sallah.

Na bi takardar nan da yatsa, layi-layi. Fulawa da bota, na murza na shimfiɗa a faranti mai zurfi. Ƙwai uku, sukari, zuma, na narka cakulan. Fikan bai isa ba, na cika da gyaɗarmu soyayya. Ba ni da abin gashin zamani: yashi na zuba a gindin tukunya, na ɗora farantin, na rufe, garwashi sama da ƙasa. Ƙamshi har maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Layin ƙarshe ya ce a bari ya huce awa biyu. Na karanta shi sarai, ban yi tuntuɓe ba. Na ce wannan shirmen yara ne. Wa ya taɓa kai wa surukai abinci da sanyi? Ai zagi ne. Na ɗaure shi a tsumma da zafinsa, na yi gammo, na ɗora a ka.

Ƙofar zaurensu gajera ce. Ina sunkuyawa da sallama, abin da ke ciki ashe ruwa ne tsululu, ya biyo tsumma ya sauko. Sabon mayafina! Ga mata cike da tsakar gida. Wata ta ce, "Innalillahi, Inna, faɗuwa kika yi a kwata?"

Hajiya ta sauke farantin ta ajiye a gindin randa, ta ba ni ruwa da zani. Aka zauna gaisuwa. Ina gajiya, ya ibada, ya jikoki, ya ƙafar nan taki, aka ci tuwo, aka yi azahar. Ni dai addu'ata a manta da farantin.

Sai Hajiya ta ce, "A ɗauko abin Inna mu gani."

Na ce, "Bar shi, Hajiya, na awaki ne."

Ta sa wuƙa. Jama'a, ya kama! Ya yanku tsaf kamar alkaki. Ta ci yanka ɗaya, ta ƙara. Mai maganar kwata har da lashe yatsa.

"Inna, wa ya karanta miki yadda ake yi?"

Na zaro takardar daga lalitata, duk ta yi maiƙo. Ta miƙo hannu yadda ta saba. Na ce, "A'a. Ɗauko biro, ni zan karanta, ke ki rubuta."

Na karanta mata tun daga fulawa, a gaban kowa. Da na zo layin ƙarshe na maimaita shi sau biyu, na ce ta ja masa layi: wadda ta rubuta ta fi mu sanin dalili.