Eriyar Maƙwabci

Ana tsakiyar wasan ƙwallon Najeriya, rabin unguwarmu ta Akurba na falon Baba, mai gidan da nake haya, sai talabijin ta koma yayyafi zalla. Na miƙe na naɗe hannun riga. Ni fa na taɓa gyara rediyo da tsinken ashana.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, eriya ce kawai."

Na zagaya bayan gida, na kama gorar eriya na shiga murzawa. "Ta yi?"

Suka amsa ta taga, "Ba ta yi ba!"

Na juya gabas, na juya yamma, har na fara zagin talabijin ɗin da tsufa. Can sai ihu ya ɓarke, amma daga gidan maƙwabcinmu tela. Ya fito a guje ya rungume ni. "Oga, Allah ya biya! Tun da na saye ta ba ta taɓa nunawa garau haka ba!"

Ashe gorarsa nake ta murzawa. Jama'a suka kwashi tabarmi suka koma gidan tela, har da Baba.

Washegari tela ya kawo min doya, na kuma ci abata da manja. Sai dai har yau, in abu ya lalace a gidan, Baba kan ce, "A kira Injiniya ya gyara wa maƙwabta."