Rabon da na yi wa Kaka

Har yau ina jin nishin Kaka, tsohuwar kwamfutar ofishinmu na Gure. Ran nan dole sai mun gama lissafin kuɗin haƙa wa makiyayan Alakos rijiya kafin motar Damagaram da za ta kai takardar ta tashi. Ga sababbin kwamfutoci biyu, amma na raba wa ukun aiki daidai, wai kada tsohuwa ta ji an ware ta.

Sababbin suka gama, suka zauna jiranta.

"Malama, ba zan kwana nan ba fa," in ji direba. Ya tafi ba takardar, makiyaya suka ci rani ba rijiya.

Sai bayan shekaru na ji ashe ko manyan injuna in sun haɗa aiki, mai jan ƙafa suke jira. Direban kuwa har gobe gaisuwarsa ɗaya ce: "Malama, ya jikin Kaka?"